Katin aiki mai haihuwa da kansa: yadda ake sa Trello, Jira da Asana su raba aiki ba tare da an taɓa su ba

A yawancin ƙananan ƙungiyoyin matasa masu aiki tare, ko masu haɗa bidiyo ne, ko masu zane a kwamfuta, ko masu sayar da kaya ta Instagram, ofishin gaba ɗaya zauren WhatsApp ne. A nan ake karɓar aiki, a nan ake raba shi, a nan kuma yake nutsewa ƙarƙashin saƙonnin murya, sitika da barka da Juma'a. Babban aikin ba ya ɓata, domin kowa ya san akwai bidiyon tallar da za a kai ranar Alhamis. Ƙananan matakan cikinsa ne ke ɓata. Ba wanda ya tuna ya tura wa mai shago ya duba yadda aka rubuta sunan shagonsa, ko kuma an tura cikakken bidiyon tun ba a karɓi cikon kuɗi ba, daga nan sai bin bashi.

Manhajojin tsara aiki irin su Trello, Asana, Jira, ClickUp da monday.com don wannan matsalar aka yi su. Kowane aiki yana samun katinsa, da sunan wanda zai yi shi, da ranar gamawa. A ƙarƙashin katin kuma ana iya jera ƙananan ayyuka, kamar a ce katin uwa ce, matakan kuma 'ya'yanta. Sai dai duk wanda ya taɓa gwadawa ya san inda gizo ke saƙar: zama a rubuta matakai takwas ko goma a allon waya duk lokacin da sabon aiki ya shigo, shi ma aiki ne mai zaman kansa. Makon farko a yi da zumuɗi. Mako na uku a rubuta rabi. Kafin wata ya cika an koma WhatsApp.

Maganin da kamfanonin suka kawo shi ne a bar manhajar ta rubuta matakan da kanta. Mutum ya zauna sau ɗaya ya tsara ƙa'ida, daga nan duk katin da ya shigo sai ya haifi 'ya'yansa. Abin yana aiki sosai, a wasu manhajojin ma kyauta ne har zuwa wani adadi. Amma akwai abin da tallan kamfanonin ba ya cika faɗa: amfaninsa na ga aikin da ake maimaitawa iri ɗaya ne, wanda masu yinsa sun riga sun san matakansa da hannunsu. Inda ba haka ba, abin da ake samu inji ne mai cika waya da sanarwa.

Kunama, sharaɗi, aiwatarwa

Kusan duk manhajojin nan tsari ɗaya suke bi, kuma wanda ya gane shi a ɗaya ya gane shi a sauran. Ƙa'ida tana da gaɓa uku. Ta farko ita ce kunama, kalmar da masu manhajojin suka aro daga bindiga: abin da idan ya faru ƙa'idar za ta tashi. Yana iya zama an buɗe sabon kati, ko an ja kati daga wani layi zuwa wani, ko an liƙa masa wata alama, ko wata rana ta zagayo. Ta biyu ita ce sharaɗi, wato tankaɗen da ke tace katunan: a yi wannan ga katin da ke da alamar "talla" kawai, ban da na "biki". Ta uku ita ce aiwatarwa, abin da manhajar za ta yi in kunama ta tashi kuma sharaɗi ya cika. A nan ake cewa ta ƙirƙiri ƙananan ayyuka kaza da kaza.

Babu rubuta lambobin kwamfuta a ciki. Zaɓi ne daga jerin da manhajar ta tanada, kuma galibi alamar walƙiya ce ke nuna ƙofar shiga sashen. Akwai ma wani dandali da ya ɗauki wannan tunani ya mai da shi sunansa, IFTTT, wanda harufansa ke nufin in wannan ya faru to a yi wancan.

Abin da ya fi muhimmanci ga mai waya shi ne wurin da ƙa'idar take zaune. Ba a cikin wayar take ba, tana kan uwar garken kamfanin ne. Don haka ko wayar wanda ya tsara ta a kashe take, ko datarsa ta ƙare, da zarar wani a ƙungiyar ya buɗe kati ya isa uwar garke, ƙa'idar za ta yi aikinta. Amma tsara ta da farko ya fi son babban allo. A Trello, misali, ta burauza ake shirya ƙa'idoji. Wanda ba shi da kwamfuta yana iya buɗe shafin a burauzar waya ya zaɓi yanayin kwamfuta, sai dai zai sha matse ido. Aron kwamfutar aboki na sa'a ɗaya ya fi sauƙi, tunda aikin na sau ɗaya ne.

Wannan fasaha ba manyan kamfanonin ne suka fara ta a cikin manhajojinsu ba. Kamfanin Atlassian na Ostireliya, mai Jira, ya sayi Trello a farkon 2017 kan dala miliyan 425. A ƙarshen 2018 ya sayi Butler, wata 'yar manhaja da ake ɗorawa a kan Trello domin ta riƙa yin irin waɗannan ayyuka, ya haɗe ta da Trello. A 2019 kuma ya sayi Code Barrel, kamfanin da ya yi Automation for Jira. A shekarar ce ita ma Asana ta fito da nata ƙa'idojin. Dalilin ba a ɓoye yake ba: ƙungiyar da ta ɗora tsarin aikinta a kan ƙa'idoji goma sha biyar ba ta tashi ta koma wata manhajar cikin dare ɗaya.

A gwada da masu bidiyon talla

A ɗauka wasu matasa huɗu ne ke haɗa wa 'yan kasuwa bidiyon talla. Ɗaya ke magana da kwastomomi, ɗaya ke ɗaukar hoto, ɗaya ke tacewa, ɗaya ke riƙe kuɗi. Sun buɗe allo a Trello mai layi huɗu: sabon aiki, ana yi, jiran kwastoma, an gama. Wannan salon na jan kati daga layi zuwa layi sunansa kanban, kuma daga masana'antar motoci ta Toyota ya samo asali, inda Taiichi Ohno ya yi amfani da katunan takarda wajen tsara shigar kayan aiki. Trello, wadda ta fito a 2011, allon waya ta mai da shi.

Matakin farko ba a cikin manhajar yake ba. Su huɗun za su zauna su tuna aikin ƙarshe da suka gama, su rubuta abin da aka yi a zahiri, bi da bi: an yi ciniki an rubuta farashi, an karɓi kafin alƙalami, an rubuta abin da za a faɗa a bidiyon kwastoma ya amince, an ɗauka, an tace, an tabbatar waƙar da aka ɗora ba mai haƙƙin mallaka ba ce, an tura samfuri mai tambari a kai, an karɓi cikon kuɗi, an tura na ainihi. Matakai tara ke nan. Sai a buɗe kati ɗaya a ajiye shi gefe a matsayin katin asali, a rubuta jerin a cikinsa.

Daga nan ƙa'idar jimla ɗaya ce: duk lokacin da aka buɗe kati a layin sabon aiki, a kwafo jerin da ke katin asali a sa masa. Shi ke nan. Mai magana da kwastomomi yana cikin Keke Napep zai rubuta sunan shago ya latsa, kafin ya sauka matakai tara sun jeru a ƙarƙashinsa. Ana iya ƙara ƙa'ida ta biyu: in an sa wa duk matakan alamar gamawa, katin ya koma layin an gama da kansa. In wata rana aka ga wani mataki ya zama dole, a katin asali kawai za a ƙara shi, duk sabon kati zai zo da shi. Tsofaffin katunan da aka riga aka buɗe kuwa ba za su sauya ba, sai an bi su da hannu.

Lura da jerin nan: karɓar cikon kuɗi ya riga tura bidiyo na ainihi. Wannan ɗan tsarin shi kaɗai ya isa ya biya wahalar zaman. Mai tacewa da ya gama aiki ƙarfe ɗaya na dare, yana ɗokin ya rabu da shi, zai ga akwai gurbi a sama da nasa da ba a cike ba tukuna.

Akwai tarko ɗaya da sababbi kan faɗa a ciki. Wasu kan ɗaure ƙa'idar da jan kati zuwa layin ana yi, maimakon buɗe shi. To, kati kan je jiran kwastoma ya dawo gyara, wani lokacin sau biyu ko uku. Duk dawowar da ya yi kunama za ta sake tashi, sai a wayi gari kati ɗaya na ɗauke da jeri uku iri ɗaya, ba wanda ya san wanne ake bi. Kati sau ɗaya ake buɗe shi, don haka ɗaure ƙa'idar da buɗewa ya fi aminci. Ko kuma a yi maɓalli a kan katin, wanda sai an latsa shi jerin zai shigo.

Trello tana da iyakarta. Abin da take bayarwa jerin dubawa ne a cikin kati, ba ƙananan ayyuka masu cin gashin kansu ba. A tsarin kyauta ba a iya ba kowane mataki mai shi da ranarsa, wannan na masu biya ne. Dabarar da ake yi ita ce a rubuta sunan mutum a cikin matakin tun daga katin asali, ko a mai da mataki mai nauyi ya zama kati na daban.

Jira da Asana: inda 'ya'yan ke da ƙafafunsu

A Jira abin ya fi haka zurfi, shi ya sa kamfanonin rubuta manhaja suka fi amfani da ita, kuma matashin da ke neman aikin nesa da irin waɗannan kamfanoni da wuya ya kauce mata. A can ƙaramin aiki cikakken aiki ne: yana da lambarsa, da mai shi, da matsayinsa, da wurin tattaunawarsa. Mataki ɗaya kawai ake sauka, ƙaramin aiki ba ya haifar nasa ƙananan. Ƙa'ida ɗaya na iya ƙirƙirar su duka a lokaci guda, ta kuma cike gurabe da kanta. Ana iya cewa sunan kowane ɗa ya ɗauko sunan uwar, yadda maimakon a ga "tacewa" guda ashirin a jere, za a ga tacewa ta shagon wane da tacewa ta shagon wance. Ana iya cewa ranar gama mataki na farko ta zama kwana biyu daga yau, ta na biyu kwana huɗu.

Lissafin ranakun nan yana da abubuwa biyu da ke tuntuɓe da mutane a wannan yanki. Na farko, in aka zaɓi ranakun aiki, Jira Litinin zuwa Juma'a take ƙirgawa, ta tsallake Asabar da Lahadi. Shagon da ke buɗe ranar Asabar, ko wanda rabin Juma'arsa ta masallaci ce, sai ya gyara lissafin da kansa. Na biyu, "yanzu" a wurin ƙa'idar agogon GMT ne in ba an faɗa mata wani ba. Najeriya da Nijar suna gaban GMT da sa'a ɗaya, saboda haka katin da aka buɗe da ƙarfe sha biyu da rabi na dare, a wurin ƙa'idar jiya aka buɗe shi, duk ranakun 'ya'yansa sai su matso da kwana ɗaya. Masu aikin dare, waɗanda ke jiran wuta ko datar dare mai rahusa, su abin ya fi shafa.

Sai batun sharaɗi, wanda a Jira ba a wasa da shi. Tunda ƙaramin aiki shi ma aiki ne, ƙa'idar da ta ce "duk aikin da aka buɗe" ta haɗa da shi. Da zarar wani ya ƙara ƙaramin aiki da hannu, ƙa'idar za ta tashi ta nemi haifar masa 'ya'ya, abin da Jira ba ta yarda da shi ba, sai ta faɗi ta turo wa mai ita saƙon kuskure. Layi ɗaya ke magance wannan: sharaɗin cewa aikin ba ƙarami ba ne. Haɗarin da ya fi wannan shi ne ƙa'idoji biyu su riƙa tayar da juna, wannan ta buɗe aiki waccan ta tashi, waccan ta buɗe wannan ta tashi. A bisa asali Jira ba ta bari abin da wata ƙa'ida ta yi ya tayar da wata, sai mutum ya kunna wannan izini da hannunsa, kuma ko ya kunna tana yanke sarƙar in ta kai zagaye goma. Wanda bai san dalilin da zai sa ya kunna ba, barinsa a kashe ya fi.

Asana kuwa tana barin ƙananan ayyuka su haifi nasu har hawa biyar, abin da ya fi kyau a talla fiye da a aikace. Wanda ya taɓa neman wani mataki da aka binne a hawa na huɗu ta allon waya ya sani. Tana kuma da wata ɗabi'a da ke ruɗa sababbi: ƙaramin aiki ba ya gadon komai daga uwarsa, ba mai shi ba, ba allon da take ciki ba. Don haka ƙa'ida na iya haifar matakai takwas lafiya lau, amma ba ko ɗaya da zai fito a kalandar aikin, kuma in ba a ba su masu su ba, ba za su bayyana a jerin kowa ba. Suna nan a cikin uwar suna jira, har ranar da kwastoma ya kira. A Asana ƙa'idoji na masu biyan kuɗi ne.

Kyautar tana da awo

Kuɗin waɗannan manhajoji da dala ake biya, kan kowane mutum kowane wata, don haka ƙungiyar mutum huɗu ninki huɗu za ta biya. Yawancin masu farawa a tsarin kyauta za su zauna, kuma ya kamata su san ma'auninsa. Trello tana ba da tashin ƙa'ida 250 a wata kyauta. Jira, wadda tsarinta na kyauta ke ɗaukar mutum goma, 100 take bayarwa tun daga ƙarshen 2023. Kamfanonin kan sauya waɗannan alƙaluma, shi ya sa leƙa shafin farashi kafin a gina komai ba asarar lokaci ba ce.

Lissafin ba shi da wuya. Masu bidiyon can in suna karɓar aiki 30 a wata, kowane kati kuma yana tayar da ƙa'ida huɗu a rayuwarsa, tashi 120 ke nan. A Trello suna da sarari, a Jira ma'aunin zai cika tun kafin ƙarshen wata, daga nan katuna su riƙa shigowa babu 'ya'ya, alhali kowa ya saba da dogaro a kansu. A Jira tashin ƙa'ida ake ƙirgawa, ba yawan abin da ta yi ba. Ƙa'ida ɗaya mai haifar matakai tara ta fi ƙa'idoji uku masu haifar uku-uku arha.

A Zapier, dandalin da ke haɗa manhaja da manhaja, lissafin akasin haka ne. Mutane kan yi amfani da shi su sa duk kwastoman da ya cike fom ɗin Google, kati ya buɗe masa a Trello. Zapier kowane abu ɗaya da ya aiwatar yake ƙirgawa, kyautarsa kuma 100 ce a wata. Hikimar ita ce a bar shi ya buɗe katin kawai, ita Trello ta ɗora jerin da ƙa'idarta.

Darasin jirgin sama da ɗakin tiyata

Tunanin da ke ƙarƙashin duk wannan ya girmi wayar salula nesa ba kusa ba. Ranar 30 ga Oktoban 1935, a filin jirgin sama na Wright da ke jihar Ohio ta Amurka, wani sabon jirgin yaƙi na kamfanin Boeing mai suna Model 299 ya tashi gwaji, ya faɗo nan take ya kama da wuta. Mutum biyu suka rasu sanadiyyar haɗarin, ciki har da matuƙin, Manjo Ployer Hill, wanda gogagge ne. Bincike ya nuna injin lafiya yake. An manta ne ba a cire makullin da ke riƙe fikafikan sarrafa jirgin sa'ad da yake ajiye ba. Maganin da matuƙa suka fito da shi ɗan gajeren jeri ne da ake karantawa kafin tashi da kafin sauka. Jirgin nan shi ya zama B-17, aka ƙera fiye da 12,000.

A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da irin wannan jeri mai abubuwa 19 domin ɗakin tiyata, aikin da likita Atul Gawande ya jagoranta. An gwada shi a asibitoci takwas a ƙasashe daban-daban, daga Landan da Toronto har Ifakara ta Tanzaniya. Sakamakon da aka wallafa a 2009 ya nuna mace-mace sun ragu daga kashi 1.5 cikin 100 zuwa 0.8, matsalolin bayan tiyata kuma daga kashi 11 zuwa 7.

Masu tallan manhajoji suna son wannan labarin, amma a nan suke tsayawa. Sauransa ya fi amfani ga wanda ke shirin tsara ƙa'ida. Lardin Ontario na Kanada ya wajabta wa asibitocinsa amfani da jerin. Da masu bincike suka duba asibitoci 101, suka wallafa a 2014, ba su ga wani raguwa na a zo a gani ba, ko a mace-mace ko a matsaloli, duk da cewa asibitocin sun ba da rahoton suna cike jerin kusan kullum. Bayanin da masana da dama suka bayar shi ne, cike gurbi daban, tsayawa a yi abin da gurbin ke nufi daban. Jerin da aka sauko wa mutane da shi daga sama, ba tare da sun mai da shi nasu ba, takarda ce kawai da ake sa wa alama.

Ƙananan ayyukan da manhaja ke haifarwa sun fi takarda saurin faɗawa wannan hali, domin ƙara mataki ba ya cin komai. Shugaban ƙungiya ya ga an yi kuskure sau ɗaya, sai ya ƙara mataki. Wata uku, jerin tara ya zama ashirin da biyar. Kowane mataki in aka ba mutum sai wayarsa ta yi ƙara, kati goma a mako sanarwa 250 ke nan. Abin da mutane ke yi a nan sananne ne: su kashe sanarwar manhajar baki ɗaya, ranar gamawa kuma su bi gurabe su latsa su duka a cikin daƙiƙa goma. A lokacin allo yana nuna komai kore, cikon kuɗin kuma ba a karɓa ba.

Ma'aunin da ya fi dacewa shi ne na matuƙan jirgin: ba su rubuta yadda ake tuƙi ba, sun rubuta abubuwan da gwani kan manta ne. Mai tacewa ba ya buƙatar a tuna masa ya buɗe manhajar tacewa. Yana buƙatar a tuna masa waƙa da tambari. Matakin da ba a taɓa mantawa da shi ba ba shi da gurbi a jerin, haka ma wanda ba a san wa zai yi shi ba.

Ƙirƙirarriyar basira ta shigo

Tun daga 2023 wani sabon salo ya ƙaru. Atlassian Intelligence, ClickUp Brain da na Asana duk suna iya karanta bayanin babban aiki su ba da shawarar ƙananan ayyukan da za a fasa shi zuwa gare su. Akwai ma wani shafi na kyauta, Goblin Tools, da aka yi musamman don mutanen da fara aiki ke yi wa nauyi. Mutum ya rubuta aikin, ya zaɓi yawan barkono daga ɗaya zuwa biyar gwargwadon yadda aikin ke masa zafi, iya yawan barkonon iya ƙanƙantar matakan da zai samu.

Wannan da ƙa'ida ba abu ɗaya ba ne, ko da yake a allo suna kama. Ƙa'ida abin da aka ba ta shi take maimaitawa, yau da gobe da baɗi, ba ƙari ba ragi. Ƙirƙirarriyar basira hasashe take yi daga abin da ta koya, kuma in aka tambaye ta sau biyu tana iya ba da jeri biyu mabambanta. A aikin da mutum bai taɓa yi ba, kamar shirya taron ƙaddamar da kaya karo na farko, tana da amfani, domin ta kan tuno abin da bai zo masa a rai ba. Amma ba ta san cewa wannan kwastoman sai an kira shi sau uku yake biya ba, ko cewa ranar ɗaukar hoto sai an tanadi man janareto. Jerinta kan fito da tsabta, da tsawo, kuma irin na kowa da kowa. Wurinta shi ne zaman farko: ta kawo daftari, mutanen su yanke rabinsa, su ƙara abin da suka sani, abin da ya rage a miƙa wa ƙa'ida. Kafin a liƙa mata bayanin aiki kuma, a cire lambar waya da lambar asusun kwastoma.

Wa ke da ƙa'idar?

Tambaya ce da ba a cika yi ba sai rigima ta taso. A Trello ƙa'ida tana ɗaure da asusun wanda ya tsara ta, da sunansa take aiki. In abokin da ya fi kowa iya kwamfuta ne ya tsara komai da asusunsa, ranar da ya samu aiki a Abuja aka cire shi daga allon, ƙa'idojin sun tafi da shi. Ba wata ƙara da za a ji, katuna kawai za su daina haihuwa. Shi ya sa ya fi kyau wanda ke da sana'ar ya shiga da nasa asusun, abokin ya zauna gefensa ya nuna masa, sannan a rubuta kowace ƙa'ida da Hausa a kati ɗaya: me ke tayar da ita, me take yi. Haka izinin da aka ba Zapier ko makamancinsa, mabuɗi ne na shiga allon gaba ɗaya, wanda ya kamata a janye in an daina amfani da shi.

A Jira akwai kundin da ke nuna duk tashin da kowace ƙa'ida ta yi, da wanda ya yi nasara da wanda ya faɗi da dalilin faɗuwarsa, Trello ma tana da nata. Kafin a saki sabuwar ƙa'ida a kan aikin kwastoma, ana buɗe katin gwaji a ja shi gaba da baya ta duk layukan, a ƙirga 'ya'yan da ya haifa, a duba ranakunsu, sannan a leƙa kundin. Minti biyar ya isa. Bayan aiki goma na farko kuma sai su huɗun su sake zama da jerin a gabansu, su goge duk matakin da aka riƙa latsawa ba tare da an karanta ba.